Zafin Ciwo Bayan Tiyatar Hanji

Ɗalibai, kun riga kun koyi yadda ake gaida marar lafiya da Hausa. Mai dubiya yakan ce, "Sannu, yaya jiki?" Majinyaci kuma ya amsa, "Da sauƙi." Haka ake amsawa ko da ciwon ya hana mutum barci kwana biyu. Wannan ladabi ne mai kyau tsakanin majinyaci da baƙinsa. Amma idan ma'aikaciyar jinya ce ta yi tambayar, washegarin ranar da aka yi wa mutum tiyata a ciki, wannan amsa ba ta isa ba, tana iya ma jawo masa wahala.

Hanji kashi biyu ne. Akwai ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita 6 a cikin baligi, sannan babban hanji, mai kimanin mita ɗaya da rabi. Kada sunan ya ruɗe ku: ƙaramin ya fi tsawo, babban kuma ya fi faɗi. A ƙasarmu, ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke sa a yi wa yaro ko saurayi tiyatar hanji shi ne zazzaɓin taifot. Idan ba a yi maganinsa da kyau ba, a mako na biyu ko na uku yana iya huda ƙarshen ƙaramin hanji, abin da ke ciki ya tsiyaye, sai an buɗe ciki an ɗinke. Akwai kuma wasu cututtuka biyu da ba a cika jin sunansu ba a nan, waɗanda likitoci suke haɗawa su kira cutar kumburin hanji. Ta farko tana sa gyambo a babban hanji kaɗai. Ta biyu ita ce cutar Crohn, ana furta sunan kamar Kuron. Sunan wani likita ne, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a birnin Niyu Yok na Amurka a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki har zuwa dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, wato daidai wurin da taifot yake hudawa. Ba ruwa marar tsabta ne ke kawo waɗannan biyun ba, kuma ba a ɗaukar su daga wani. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta yaƙi hanjinsa. Ciwon yakan lafa, ya sake tashi, shekara da shekaru. Da yake alamominsa su ne gudawa mai jini da murɗar ciki da rama, sau da yawa akan ɗauka atini ne ko basir, har a daɗe ba a gane ba.

Mutumin Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, yakan fara zuwa Babban Asibitin garin. Idan aikin mai girma ne, ana iya tura shi Minna, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Ko ina aka yi aikin, da zarar maganin barci ya sake shi, zai haɗu da zafi.

To, me ya sa ba za a bar shi ya daure ba? Mutanenmu suna girmama dauriya, ana kuma yi wa mai raki dariya. A ganina, ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata ba wurin nuna jarumta ba ne. Wanda aka yanka wa ciki, idan yana jin zafi, ba ya yarda ya ja numfashi sosai, kuma yana tsoron yin tari. Sai majina ta taru a huhunsa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ya kamu da ciwon huhu. Zafi kuma yakan hana shi motsi, wanda kuwa ya kwanta wuri ɗaya kwana da kwanaki, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, rai yana cikin haɗari. Saboda haka rage zafi wani sashe ne na maganin kansa.

Babu na'urar da take auna zafi kamar yadda ake auna zazzaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa a asibiti akan ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10: 0 na nufin babu zafi ko kaɗan, 10 kuma zafin da ya fi kowane tsanani. Akan tambaye shi sau biyu, yana kwance lumui da kuma lokacin da ya motsa ko ya yi tari, domin lambobin biyu ba sa zama ɗaya. Ban da lamba, likita yana son ya ji irin zafin, kuma a nan ne Hausa take da arziki. Ku lura da waɗannan kalmomi. Raɗaɗi shi ne zafin da ake ji a kan rauni, kamar an zuba barkono. Shi ne zafin wurin ɗinki. Zogi kuwa yana bugawa ne kamar bugun zuciya, irin na maruru da ya nuna, kuma idan ɗinki ya fara zogi bayan 'yan kwanaki, wataƙila ya yi ruwa. Murɗa tana zuwa ta tafi, kamar ana matse tsumma a cikin ciki, ita ce ta hanji da iskar da ta taru. Suka tana zuwa farat ɗaya, kamar an caka allura. Wanda ya ce, "Sista, cikina yana murɗa, ya kai 7, kuma tun jiya iska ba ta fita ba," ya taimaki mai jinyarsa fiye da wanda ya ce, "Da sauƙi."

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na ba da magungunan rage zafi, mai kama da tsani mai hawa uku. Don masu ciwon daji aka yi shi: a fara da magani mai sauƙi, idan bai isa ba a hau sama. Bayan tiyata saukowa ake yi. A kwanakin farko ana ba da mai ƙarfi, a riƙa ragewa yayin da rauni yake haɗewa.

Hawan farko shi ne farasitamol. Mutane suna raina shi saboda araharsa, amma idan aka sha shi a kan lokaci, ba sai zafi ya tsananta ba, yana rage buƙatar magunguna masu ƙarfi, kuma ba ya taɓa hanji. Iyakarsa ga baligi ita ce giram 4 a cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, ba a sha gaba ɗaya ba. Wanda ciwo ya ramar da shi sosai, likita zai rage masa. Wuce iyaka yana lalata hanta, kuma da yawa daga magungunan mura da ake sayarwa suna ɗauke da farasitamol a ciki, don haka mutum yana iya wuce iyakar bai sani ba.

Akwai wani rukuni da ya kamata ku riƙe sunayensa: ibufurofin da dikulofinak da 'yan uwansu, waɗanda manomi yake saya a kemis idan ya dawo daga gona da ciwon baya. Ga mai cutar kumburin hanji, waɗannan suna iya tayar da ciwon da ya kwanta. Suna iya sa zubar jini a tumbi, suna wahalar da ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ragu, kuma likitocin fiɗa da yawa suna kaffa-kaffa da su idan an haɗa hanji biyu an ɗinke, don gudun kada ɗinkin ya ƙi kamawa. Kada ɗan dubiya ya ciro su daga aljihu ya miƙa wa majinyaci don tausayi.

A hawa na biyu da na uku na tsanin akwai masu ƙarfi, irin su mofin da fentazosin da taramadol. Suna kashe zafi ƙwarai, amma suna da tasu matsalar. Hanjin da aka taɓa da hannu yakan tsaya cik na ɗan lokaci, kamar ya yi barci. Waɗannan magunguna suna ƙara masa nauyin barcin. Ciki ya kumbura, amai ya zo, iska ta ƙi fita, sabon zafi ya samu. Wannan ne dalilin da ma'aikatan jinya suke tambaya kowace safiya ko iska ta fita. Tambayar tana ba mutane kunya, musamman a gaban surukai, amma amsarta ce take nuna ko hanji ya farka. Idan aka yawaita su kuma, suna rage numfashi. Dabarar likitoci ita ce haɗa hanyoyi da yawa: farasitamol a kan lokaci, allurar kashe wuri a gefen yanka ko a baya inda akwai masu iya yi, sannan mai ƙarfi gwargwadon buƙata.

Mai cutar Crohn ya fi kowa bukatar lura a nan, domin ana iya yi masa tiyata fiye da sau ɗaya a rayuwarsa, kuma yakan zo asibiti bayan ya daɗe yana shan maganin ciwon ciki. Jikin da ya saba da taramadol ba ya jin ƙaramin awo. Dole ne ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha tun kafin a shiga da shi, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ba sabon labari ba ne gare ku yadda shaye-shayen ƙwaya ya cinye matasa. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda haka. Wannan tsoro bai kamata ya sa majinyaci ya ƙi allurar da aka rubuta masa a asibiti ba. Kwana biyu ko uku a hannun ma'aikata daban ne da sayen ƙwaya a tasha bayan sallama.

Akwai abubuwan da mai jinya zai yi ba tare da ko kwabo ba. Ya ɗora wa majinyaci matashin kai a kan ɗinki, ya danna a hankali duk lokacin da zai yi tari. Ya tuna masa ya ja dogon numfashi sau da yawa a rana. Idan likita ya yarda, sau da yawa tun washegarin aiki, ya riƙe shi ya zauna, ya taka 'yan taku a bakin gado. Tafiyar tana da zafi da farko, don haka gara a yi ta kamar rabin awa bayan shan magani. Ya kuma rage yawan 'yan dubiya, majinyaci ya samu barci.

Zafin tiyata yana raguwa ne kullum. Idan ya juya ya fara ƙaruwa bayan ya yi sauƙi, musamman a cikin makon farko, tare da zazzaɓi, ko kumburin ciki, ko amai, ko bugun zuciya da sauri, wataƙila ɗinkin hanji ne ya fara yoyo. Ƙara ƙwaya a wannan hali rufe bakin ciwon ne kawai, ciwon kuwa yana nan yana ci. Masu cutar kumburin hanji da yawa suna shan firednisolon, wanda yake jinkirta warkewar rauni, yana kuma iya ɓoye zazzaɓi, saboda haka a wurinsu ƙaramar alama ma abin kai wa likita ce. Ba a kuma daina shan wannan magani kwatsam, sai yadda likita ya tsara. Wanda aka sallama daga Minna zai bi ta Zungeru da Tegina kafin ya isa Kagara, doguwar tafiya ce ga mai sabon ɗinki. Ya sha maganinsa kafin a tashi, ya rungume matashin kai a mota. Kafin a bar asibitin, mai jinya ya karɓi takardar magunguna da lambar wayar da zai kira, ya kuma san tun da rana wace mota ce za ta mayar da su idan jiki ya rikice da dare.