Robar da ke kashe inji: yadda wayarka za ta taimaka wajen gano yoyon baƙin mai a gidan filta

A lokacin kaka, motocin da ke kwaso gero, wake da gyaɗa daga ƙauyukan Dambatta, Makoda, Kunchi da Bichi zuwa kasuwar Dawanau ba sa hutawa. Da yawansu Golf 3 ne da Sharon, kuma Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta. Ƙarfen injin yana jure shekaru, amma robar da ke jikinsa ba ta jurewa. Ɗaya daga cikin robobin da ke fara gajiya ita ce ta gidan filtar baƙin mai.

Mene ne gidan filta?

Shi ne ƙarfen da ke ɗaure a jikin inji, wanda ake murɗa filta a kansa. Fanfo yana turo baƙin mai ta nan da ƙarfi kafin ya zagaya inji. Tsakaninsa da jikin injin akwai gaskit da ke hana man fita. A Golf da yawa kuma akwai ɗan akwatin sanyaya mai a saman filtar, shi ma da zoben robarsa. Zafin inji, ga na bazara da ke haura digiri 40, yana busar da robar har ta yi tauri ta tsage.

Abin da ya sa wannan yoyon ya fi haɗari shi ne man da ke wurin yana cikin matsi. Ɗigon yau zai iya zama feshi gobe, kana tsakiyar hanyar burji da buhu goma a baya. Idan man ya ƙare, inji ya buga, kuɗin roba ya koma kuɗin inji.

Inda waya ke da amfani

Direbobi da yawa suna ta ciko ba su san inda man ke bi ba, saboda ƙura ta haɗu da shi ta rufe ko'ina. Ka bari injin ya huce, ka wanke wajen filtar da kalanzir, ka goge ya bushe. Sai ka kunna tocilar waya ka ɗauki hoto. Ka tayar da motar na minti goma, ka kashe, ka sake ɗauka. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka wuri mafi sama da ya jiƙe shi ne tushen matsalar. Kada ka zura hannu ko waya kusa da fanka da fanbel injin yana aiki.

Hoton zai raba maka gardama uku: ko filtar ce ba ta ɗauru ba, ko sensar mai ce da ke maƙale a jikin gidan, ko kuwa gaskit ɗin ne. Kowanne da kuɗinsa. Ka tura wa bakanikenka ta WhatsApp kafin ka kai motar.

Sannan ka ɗauki hoton lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da lambar inji. Da su za ka nemo ainihin lambar robar a intanet, ka je Ƙofar Ruwa da ita, maimakon a ba ka mai kama da ita.

Inda waya ba ta da amfani

Ƴar na'urar nan ELM327 da ake haɗawa da manhajar Torque ta Bluetooth ba ta ganin yoyo. Saƙon kwamfutar mota kawai take karantawa, roba kuwa ba ta da sensa. Ban da haka, tsarin OBD2 ya zama dole a Amurka a 1996, a Turai kuma sai 2001 ga motocin fetur, don haka tsohuwar Golf tana iya ƙin magana da ita kwata-kwata.

Ranar gyara

Ka tsaya a wurin ka ga an kankare tsohuwar robar tas, an goge fuskar ƙarfen, an shafa wa sabon zoben ɗan mai. Kada ka yarda a cika gam a madadin roba, domin guntunsa na iya ɓallewa ya toshe hanyar mai. A ɗaure notika bi da bi, ba da ƙarfin tuwo ba, tunda gidan yana iya tsagewa. A tabbata zoben tsohuwar filta bai maƙale ba, don zobe biyu a kan juna feshi suke yi. Ka leƙa ruwan lagireto: idan ya koma kamar kunu, akwai yiwuwar akwatin sanyaya man ne ya huje, roba kaɗai ba za ta isa ba.

Bayan an gama, ka riƙa duba sandar gwajin mai kowace safiya har mako guda. Idan kuma jar fitilar nan mai siffar buta ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe motar nan take. Kada ka ce bari ka ƙarasa gari.