Me Ya Sa Kiran Ƙonni Ya Fi Na Legas Cin Kati?

Ɗan kasuwar Illela zai buga waya Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000, ya sha hirarsa kati bai girgiza ba. Amma da ya kira abokin cinikinsa a Birnin Ƙonni, nan bayan iyaka, sai kuɗin ya narke.

A zamanin wayar NITEL ta girke, nisa ake biya. Kowane gari da lambarsa: Sakkwato 060, Kano 064, Katsina 065. Kiran cikin gari da araha, na wani gari da tsada. Shigowar GSM a 2001 ta kawar da wannan. Lambobi irin 0803 da 0805 kamfani suke nunawa, ba gari ba, kuma tun 2013 mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa.

Yanzu lambar ƙasa ce ke yanke farashi. Nijeriya 234, Nijar 227. Duk mai layin Nijeriya da ya danna 227, kiran ƙasar waje ya yi, ko da yana hango rumfar wanda ya kira.

Inda aka fi cutuwa shi ne bakin iyaka, a Jibiya ko Maigatari, inda salula kan kama sabis ɗin maƙwabta da kanta ba tare da mai ita ya sani ba. A nan har amsa kira na iya cin kati. Maganinsa a shiga saitin wayar a zaɓi kamfani da hannu, sannan a riƙe layi biyu, na Nijar don mutanen Maraɗi da Ƙonni.