Kundin Sunaye na Bai Ɗaya: Tantancewa da Rabon Izini a Tsarin LDAP

1. Gabatarwa

Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan André Salifou, tana karɓar sababbin ɗalibai kowace shekara, tana sallamar wasu. A irin wannan wuri, idan kowace na'ura tana riƙe da nata jerin sunaye, to ɗalibin da ya gama karatu zai iya tafiya da mabuɗin ɗakin kwamfuta, ba tare da kowa ya lura ba. Wannan maƙala za ta duba yadda kundi guda, wanda ake kira annuaire da Faransanci, yake magance matsalar, da kuma haɗarin da yake tafe da shi.

2. Asali da tsari

LDAP ƙa'ida ce da aka wallafa a 1993, da hannun Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka, don sauƙaƙa tsarin X.500 na 1988. Siga ta 3 ta fito a 1997, manhajar OpenLDAP kuma a 1998. Kundin yana da siffar itace: jami'a ce gindi, sassa su ne rassa (misali ou=malamai, ou=dalibai), kowane mutum kuma ganye ne mai cikakken suna da ba ya maimaituwa.

3. Tantancewa da izini

Tambayoyi biyu ne, bai kamata a haɗa su ba: wane ne kai, kuma me aka yarje maka. A fadar Sarkin Damagaram, dogari zai iya shaida baƙo a ƙofa, amma matsayinsa ne ke nuna zauren da zai tsaya. Haka kundin yake. Kalmar sirri tana amsa tambaya ta farko, rukuni yana amsa ta biyu. Saboda haka ana ba rukuni izini, kamar masu shigar da maki, ba mutum ba. Idan malami ya sauya sashe, sai a cire shi daga rukunin.

4. Tsaro

Ƙofa ɗaya tana da sauƙin tsaro, amma wanda ya ɓalle ta ya samu gidan duka. Matakai huɗu sun zama dole:

a) A rufe zance da TLS, ta StartTLS a mashiga 389 ko LDAPS a 636. In ba haka ba, kalmar sirri tana bin waya a fili.
b) Kada a ajiye kalmar kanta, sai tambarinta da ba ya warwaruwa, kamar na Argon2.
c) A kula da jerin ƙa'idojin izini. OpenLDAP tana bin su daga sama, takan tsaya a ta farkon da ta dace, don haka ƙa'ida mai faɗi a sama tana rushe na ƙasa.
d) A samar da uwar garke ta biyu mai kwafar kundin ta syncrepl, a wani gini, da nata batir. Yanke wutar da Nijeriya ta yi wa Nijar a Agustan 2023 ya isa darasi: in kundin ya mutu, babu mai shiga ko'ina.

5. Kammalawa

Babban aikin ba na injiniya kaɗai ba ne. Wajibi ne ofishin rajista ya sanar da mai kula da kundin duk wanda ya shigo ko ya fita, a rubuce, a ranar. Kundin da ba a share shi ya fi rashinsa haɗari, domin kowa ya yarda da shi.