Sarautar da Ta Zo Bayan La'asar

Mai karatu, ka san yadda ake sallamar dattijon da ya daɗe yana wa jama'a hidima. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a miƙa masa lambar yabo da agogon bango, liman ya shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. To, a Rano ba haka ta kasance ba.

Alhaji Tafida Abubakar Ila ya daɗe yana Hakimin Rano, yana zuwa gaisuwa fadar Kano kamar kowane hakimi, alhali garinsa na cikin Hausa Bakwai, kirarin kujerarsa ma Autan Bawo ne. Ya haura saba'in, tsararsa duk sun koma ga buzu da carbi. Kwatsam, a watan Mayun 2019, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautun Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi. Dattijo ya wayi gari sarki mai daraja ta ɗaya, ƙananan hukumomi goma a ƙarƙashinsa. Da kai ne, za ka miƙa kai a naɗa, ko za ka ce ƙarfi ya ƙare?

Shi dai ya karɓa. A Nuwamba kotu ta soke dokar, a Disamba majalisa ta yi sabuwa, rawani bai bar kansa ba. Amma ranar Asabar, 2 ga Mayun 2020, cikin azumi, Kano tana kulle saboda korona, Allah ya karɓi abinsa yana da shekara 74. Ko shekara guda bai cika a karaga ba.

Wa ya gaje shi? Hakimin Kibiya, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa. Shi kuma shekara huɗu ya yi. Ranar Alhamis, 23 ga Mayun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, aka ba sarakunan awa 48 su bar fada. Babu rumfa, balle agogon bango. Mai karatu, a kwana biyu me za ka fara ɗaurewa, alkyabba ko tukwanen gida?

A watan Yuli aka dawo da masarautar Rano, amma mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku kacal: Rano, Kibiya da Bunkure. Aka naɗa Alhaji Muhammad Isa Umaru.