Abincin Da Ke Rage Farfaɗiyar Yara

'Yan'uwa, a Nima da Mamobi akwai gidajen da ake ɓoye yaro mai farfaɗiya, a cire shi daga makaranta, wai kada yawunsa ya taɓa wani. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta. Wahalar haihuwa ko zazzaɓin sauro mai hawa ka na iya jawo ta. Yawancin yara suna samun sauƙi da ƙwayoyin asibiti, amma kusan ɗaya cikin uku ba ya ji, ko da an gwada masa iri biyu. Irin waɗannan ne likitoci kan gwada wa wani abinci da ake kira kito.

Tun zamanin da an lura azumi yana rage faɗuwar, to amma yaro ba zai dawwama cikin azumi ba. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo dabara: a cika wa yaro mai, a janye sitaci da sukari. Idan jiki ya rasa sukari sai hanta ta narka mai, ta fitar da sinadarin kiton, ƙwaƙwalwa ta koma aiki da shi kamar ana azumi. A 2008 an gwada shi a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan. Cikin wata uku, kashi 38 cikin 100 na yaran da suka ci, faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi. A cikin waɗanda ba su ci ba kuwa, kashi 6 ne kawai.

Aikin fa ba ƙarami ba ne a tukunyar Zango. Awon da aka saba shi ne giram 4 na mai ga kowane giram 1 na sauran abincin gina jiki da sitaci. Ke nan babu koko da ƙosai, babu waakye, tuwo, fura ko burodi. Sai ƙwai, kifi, paya, ganye da man kwakwa, kowanne a kan sikeli. Alewa ɗaya daga hannun kaka tana iya rushe aikin mako.

Yana da illa kuma: taurin bayan gida, tsakuwar ƙoda, da jinkirin girma. Saboda haka kada uwa ta fara shi da kanta, kada kuma a daina ƙwaya. A fara da asibitin Mamobi, a nemi takardar zuwa sashen yara na Korle Bu, a tambayi likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci ko yaron ya dace. Akan gwada wata uku. In ya karɓe shi, a ci gaba kamar shekara biyu.

Kafin nan, in yaro ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali a baki. In ya wuce minti biyar, a garzaya asibiti. Allah ya ba yaranmu lafiya.