WANE NE GWANIN GWANAYE A TSEREN MOTOCI?

Tun ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 1950, sa'ad da aka buɗe gasar duniya ta tseren motoci da ake kira Formula 1 a Silverstone, wani tsohon filin jiragen saman yaƙi a ƙasar Ingila, masu sha'awar wannan wasa ba su daina gardama a kan tambaya guda ba, watau wane direba ne ya fi kowa. Dattawa sukan ce Juan Manuel Fangio na ƙasar Ajantina ba shi da na biyu. Waɗanda suka yi ƙuruciya a wajejen 1990 ba sa yarda a sa kowa gaban Ayrton Senna na Barazil. Samarin yanzu kuwa sai su nuna Michael Schumacher na Jamus da Lewis Hamilton na Ingila, waɗanda kowannensu ya zama zakaran duniya sau bakwai, ko kuma Max Verstappen na Holan wanda ya ci gasar sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024.

Abin da ya sa maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne, yawancin waɗannan mazaje ba su taɓa haɗuwa a fage ɗaya ba. Fangio ya yi murabus a 1958, Hamilton kuwa sai a 1985 aka haife shi. Saboda haka duk mai son yanke hukunci dole ya fara neman mudun da zai auna su da shi, kuma kowane mudu da aka ɗauko sai a tarar yana da tasa tawayar.

Lissafin Nasara

Mudun da ya fi sauƙi shi ne a ƙidaya yawan tseren da kowa ya ci. Ya zuwa ƙarshen 2024 Hamilton ya ci 105, Schumacher ya ci 91, Alain Prost na Faransa ya ci 51, Senna 41, Fangio kuwa 24 kacal. Wanda ya tsaya a nan sai ya ce magana ta ƙare. To, amma a shekarar 1950 tsere bakwai ne kaɗai aka yi a gasar, a 2024 kuwa 24 aka yi. Duk rayuwar Fangio tsere 51 ya shiga, adadin da direban yanzu zai cika cikin shekara biyu da 'yan watanni. Haka nan maki ma ya sake, gama a 1950 maki 8 ake ba wanda ya zo na ɗaya, tun daga 2010 kuwa 25 ake ba shi.

Idan aka juya lissafin aka duba nawa mutum ya ci cikin nawa ya shiga, sai jerin ya birkice. Fangio ya ci kusan rabin tseren da ya shiga, watau 47 cikin ɗari. Jim Clark, wani manomi ɗan Sikotland, ya ci 25 cikin 72, kimanin 35 cikin ɗari ke nan. Ya zuwa ƙarshen 2024 Schumacher da Hamilton kowannensu wajen 30 cikin ɗari yake. Sai dai wannan lissafi ma yana cutar wanda ya daɗe a fage. Schumacher ya yi murabus a 2006, sa'an nan ya komo daga 2010 zuwa 2012, ya yi shekara uku bai ci tsere ko ɗaya ba. Waɗannan shekaru sun rage masa kaso, amma ba su shafe abin da ya yi a da ba.

Ko yawan kambu ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Stirling Moss na Ingila ya zo na biyu a gasar duniya shekara huɗu a jere, daga 1955 zuwa 1958, bai taɓa zama zakara ba. A 1958 ya ci tsere huɗu, Mike Hawthorn ya ci ɗaya tak, amma Hawthorn ya ɗauki kambun da ratar maki ɗaya. Wani abin mamaki kuma, a tseren ƙasar Fotugal na shekarar alƙalai sun so su soke sakamakon Hawthorn, Moss ne da kansa ya je ya ba da shaidar da ta wanke shi. Da ya yi shiru, da kambun nasa ne.

Doki Da Mahayi

Duk wanda ya taɓa kallon sukuwa ya san ba a raba gwanintar mahayi da ƙarfin dokinsa. A tseren motoci abin ya fi haka tsanani, domin kowane kamfani shi yake ƙera motarsa, kuma a shekara guda mota ɗaya ko biyu ne suke iya cin gasa. Alal misali, Jenson Button na Ingila maki 3 kaɗai ya samu a duk shekarar 2008 cikin motar Honda. Da shekara ta kewayo aka ba shi sabuwar mota ta kamfanin Brawn, sai ga shi ya ci shida cikin tsere bakwai na farko, ya zama zakaran duniya na 2009. Mutumin bai sake ba, dokin ne ya sake. Haka kuma Fernando Alonso na Sifen, wanda ya zama zakara a 2005 da 2006, ya yi shekara huɗu a kamfanin McLaren daga 2015 zuwa 2018 bai shiga cikin ukun farko ba ko sau ɗaya.

Wannan ya sa wasu suke rage darajar Hamilton, suna cewa shida cikin kambunsa bakwai a motar Mercedes ya ci su, a zamanin da ba motar da take kama ƙafarta. Amma kuma akwai wata irin gwaninta wadda ita ce gina gida tun daga tushe. Sa'ad da Schumacher ya koma Ferrari a 1996, rabon kamfanin da ya fitar da zakaran duniya tun 1979, lokacin Jody Scheckter na Afirka ta Kudu. Ya yi shekara huɗu yana fama tare da Jean Todt da Ross Brawn da ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai, kafin ya ci kambu biyar a jere daga 2000 zuwa 2004. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar nan da shi aka ɗaure ta tun daga farko.

Zamanin Da Kuskure Ke Nufin Mutuwa

Babban abin da ya raba mutanen da da na yanzu shi ne hatsari. Direban 1950 yakan zauna ne a motar da ba ta da bel, tankin fetur yana bayansa, kansa ba wata kariya ta kirki, a gefen hanya kuma ba kome sai itatuwa da ramuka da damman ciyawa. Jim Clark, wanda ya ci tsere bakwai cikin goma a 1963, ya rasu ranar 7 ga watan Afrilu na 1968 a Hockenheim ta ƙasar Jamus, sa'ad da motarsa ta ƙwace ta faɗa cikin itatuwa, yana da shekara 32. A 1970 Jochen Rindt ya rasu a Monza ta Italiya, aka naɗa shi zakaran duniya bayan mutuwarsa, saboda ba wanda ya iya cim ma makin da ya riga ya tara. Niki Lauda na Ostiriya ya ƙone ƙwarai a hatsarin da ya yi a 1976, amma bayan mako shida ya komo fage da ciwon bai warke ba, ya zo na huɗu.

Wanda ya fi kowa yaƙi da wannan hali shi ne Jackie Stewart, shi ma ɗan Sikotland, zakaran 1969 da 1971 da 1973. A 1966 a Spa ta ƙasar Beljiyam motarsa ta fita daga hanya cikin ruwan sama, ya maƙale a ciki fetur yana zuba a jikinsa, sai 'yan'uwansa direbobi ne suka tsaya suka ciro shi. Tun daga ran nan ya dage sai an sa shinge a gefen hanya, an tanadi likitoci, an tilasta ɗaura bel, ko da yake wasu suna yi masa gorin tsoro. Bayan rasuwar Senna a Imola ranar 1 ga watan Mayu na 1994, kwana ɗaya bayan ta Roland Ratzenberger a wuri guda, aka ƙara tsaurara dokoki. Amfanin wannan ya fito fili a Baharen a 2020, inda motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama wuta, shi kuwa ya fito da ƙafarsa, da ƙuna a hannuwa.

Ma'anar wannan ga gardamar ita ce, aikin da ake nema daga direba ya sake. Na da sai ya yi gudu yana kuma lissafin ransa, yana lallaɓa motar da takan lalace a kowane lokaci, cikin tseren da yakan kai kilomita 500. Na yanzu tserensa kilomita 300 ne da 'yan kai, kuma yana da kariya, amma abokan karawarsa duk tun suna yara ƙanana aka horar da su, ratar da ke tsakaninsu sau da yawa ba ta kai rabin sakan ba, a kwana kuma wuyansa yakan ɗauki nauyin da ya ninka na kansa har sau biyar.

Abokin Aiki

Mudun da masana suka fi yarda da shi shi ne a gwada direba da abokin aikinsa, tun da yake kowane kamfani direbobi biyu yake sawa a mota iri ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1955 Fangio da Moss suna tare a Mercedes, Fangio ya ci huɗu, Moss ya ci ɗaya. A 1963 da Clark ya ci bakwai, abokinsa Trevor Taylor maki ɗaya ya samu duk shekarar. A 2007 Hamilton yana sabon shiga ya yi kunnen doki da Alonso, kowa maki 109, alhali Alonso shi ke riƙe da kambu, ko da yake a 2016 abokinsa Nico Rosberg ya kayar da shi da ratar maki 5. A 2023 Verstappen ya ci 19 cikin 22, ya tara maki 575, abokinsa Sergio Perez ya samu 285.

Karawar da ta fi kowacce armashi ita ce ta Senna da Prost a McLaren a 1988, inda su biyu suka cinye 15 cikin tsere 16, Senna takwas, Prost bakwai. A gwajin gudu na Monako Senna ya ba Prost ratar kusan sakan ɗaya da rabi, abin da ba a saba gani ba tsakanin gwanaye biyu a mota ɗaya. Amma a jimlar maki Prost ne a gaba da 105, Senna yana da 94. Dokar shekarar ta ce sakamako 11 mafi kyau kaɗai za a ƙidaya, sai Senna ya tashi da 90, Prost da 87. Ashe ko mutum biyu na zamani ɗaya, a mota ɗaya, doka tana iya sauya wanda za a kira gwani.

Wannan mudu ma sai an yi hattara da shi, domin wani lokaci kamfani yakan fifita direba ɗaya. A Ostiriya a 2002 an umarci Rubens Barrichello ya kauce wa Schumacher dab da layin ƙarshe, har 'yan kallo suka yi ta ihu. A Monza a 1956 kuwa, da motar Fangio ta lalace, abokinsa Peter Collins ne ya sauka ya ba shi tasa, alhali shi ma yana da damar cin kambun.

Inda Hujja Ta Fi Nauyi

Hausawa sun ce zamani riga ne. Ba wanda zai iya tabbatar da abin da Fangio zai yi da motar yau mai sitiyari cike da maɓallai, ko abin da Verstappen zai yi a tsakanin itatuwa ba tare da bel ba. Abin da ake iya aunawa shi ne nisan da kowa ya ba mutanen zamaninsa. A yawan nasara da daɗewa a sama, Hamilton da Schumacher ne a gaba. A zallar gudu na zagaye ɗaya, Senna ya zo na ɗaya a gwajin gudu sau 65 cikin tsere 161. A amfanin da aka bar wa na baya, da wuya a sami kamar Stewart.

Amma idan aka haɗa mudun duka, hujjar Fangio ce ta fi wuyar turewa. Ya ci kambu biyar da motocin kamfanoni huɗu, watau Alfa Romeo da Maserati da Mercedes da Ferrari, abin da har yanzu ba wanda ya maimaita, kuma sai bayan shekara 46, a 2003, Schumacher ya wuce adadinsa. Ga kuma abin da ya yi a Nurburgring ta Jamus a 1957, hanya mai tsawon kusan kilomita 23 a kowane zagaye, cikin duwatsu da kurmi. Ya tsaya shan mai da sauya taya yana kan gaba, sai makanikansa suka yi nawa, ya fito Hawthorn da Collins sun ba shi ratar kusan sakan 50 a motocin Ferrari. Ya bi su yana karya tarihin gudun hanyar zagaye bayan zagaye, har ya wuce su duka biyu saura zagaye ɗaya a gama, ya ci tseren, ya kuma tabbatar da kambunsa na biyar. A ran nan shekararsa 46, kuma ita ce nasararsa ta ƙarshe a gasar.

Magoya bayan sauran gwanayen ba za su rasa abin cewa ba, kuma suna da gaskiyarsu. Sai dai duk wanda zai sa wani a gaban dattijon nan na Ajantina, wajibi ne ya kawo hujjar da ta wuce ƙidayar kambu da yawan maki, gama waɗannan biyu tsawon gasa da ƙarfin mota suna da babban rabo a cikinsu.