Kano da Kaduna a 1979: yadda jam'iyyar talakawa ta ci jahohi biyu ta kasa cin ƙasa

A ranar 1 ga watan Oktoba na 1979 sojojin Najeriya suka miƙa mulki ga farar hula bayan shekaru 13. A wannan rana Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya yi rantsuwar kama aikin shugaban ƙasa a Legas, gwamnoni 19 kuma suka hau kujerunsu a jahohi. Biyu daga cikinsu 'yan jam'iyyar PRP ne ta Malam Aminu Kano: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Jahohin nan biyu maƙwabtan Nijar ne na kusa a wancan lokaci, domin Katsina da Daura suna cikin jahar Kaduna har zuwa 1987, Jigawa kuma tana cikin jahar Kano har zuwa 1991. Ke nan duk wanda ya tsallaka iyaka daga Maradi ta Dan Issa, ko daga Damagaram ta Magarya, ƙasar da PRP ke mulki ya shiga.

Abin da ya faru da waɗannan gwamnatoci biyu cikin shekaru huɗu yana bayyana wata matsala da masu ra'ayin kawo sauyi ke fama da ita har yau: cin zaɓe a jaha daban, cin zaɓe a ƙasa daban, iya riƙe mulkin bayan an ci kuma wani aiki ne na uku.

Tushen tafiyar

PRP ba daga sama ta faɗo ba. Uwarta ita ce NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda kuma Hausawa suka sani da jam'iyyar neman sawaba. Manufarta ita ce ƙwato wa talaka 'yanci daga hannun hukumar gargajiya ta En'e, wadda Turawan Ingila suka bar wa kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari da karɓar haraji. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri, cikinsu har da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta yi ta fafutukar a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Ba su samu wannan dama ba sai a shekarun 1970, kuma zaɓen 1979 ne babban zaɓen ƙasa na farko da suka shiga.

Kalmar sawaba ba baƙuwa ba ce a Nijar. Ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta yi kiran a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Da yawa daga cikin 'yan Sawaba da suka gudu a Kano suka samu mafaka, wajen 'yan NEPU.

Da sojoji suka ɗage haramcin siyasa a 1978, Aminu Kano ya tara tsofaffin 'yan NEPU da 'yan ƙwadago da malaman jami'a suka kafa PRP, mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN da PRP da UPN ta Obafemi Awolowo da NPP ta Nnamdi Azikiwe da GNPP ta Waziri Ibrahim.

Zaɓe biyar, sakamako iri iri

A Nijar gwamnan jaha naɗa shi ake daga Yamai. A tsarin tarayya na Najeriya kuwa, jama'ar jaha ne ke zaɓen gwamnansu, su kuma zaɓi majalisar dokokin jaha mai ikon amincewa da kasafin kuɗi da kwamishinoni, har ma da tsige gwamnan. Saboda haka a 1979 an yi zaɓe kashi biyar tsakanin 7 ga Yuli da 11 ga Agusta: na majalisar dattawa, na majalisar wakilai, na majalisun jahohi, na gwamnoni, sannan na shugaban ƙasa.

A matakin ƙasa ƙarfin PRP bai kai ya kawo ba. Ta samu kujeru 7 cikin 95 a majalisar dattawa, da 49 cikin 449 a majalisar wakilai. A zaɓen shugaban ƙasa Aminu Kano ya tashi da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u, Shagari da kusan kashi 34, Awolowo da kashi 29. Mafi yawan ƙuri'un Malam daga Kano suka fito, inda ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu.

Duk da haka, Kano ce ta kusa hana Shagari kujerar. Tsarin mulki ya ce bai isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jahohi. An sa wannan sharaɗi ne don kada wani ya hau mulki da ƙuri'ar yankinsa kaɗai, bayan abin da ƙasar ta gani a yaƙin basasa. Shagari ya cika sharaɗin a jahohi 12. A Kano, wadda ita ce ta 13, ya tsaya a ƙasa da kashi 20. Awolowo ya kai ƙara yana cewa kashi biyu cikin uku na 19 jahohi 13 ne, tunda ba a tsaga jaha. Lauyan NPN Richard Akinjide ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka a jaha ta 13 rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'u kawai ake buƙata, wato ɗaya bisa shida. Kotun ƙoli ta yarda da wannan lissafi a ƙarshen Satumba, kwanaki kaɗan kafin rantsuwa.

Sharaɗin yana da amfani ga haɗin kan ƙasa, amma yana da tsada ga jam'iyya irin PRP. Don a samu kashi 25 a jahohi da yawa sai da ofisoshi da motoci da wakilai a kowace rumfar zaɓe, kuma wannan kuɗi ne. NPN tana da attajirai da 'yan kwangila da goyon bayan mafi yawan sarakuna. PRP tana da 'yan kasuwa ƙanana da teloli da manoma da ke tara sisi da kwabo.

Abin da gwamna ke iyawa

Da hawansu, Rimi da Balarabe suka soke haraji da jangali. Haraji kuɗin kai ne da kowane baligi namiji ke biya, ko ya samu amfanin gona ko fari ya cinye. Jangali kuma na kan shanu ne, wanda Fulani makiyaya ke biya. Dagatai da masu unguwanni ne ke karɓa su kai wa hakimai, kuma wanda ya kasa biya yakan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci, wani ma ya bar gari. Soke su ya rage wa talaka nauyi, ya kuma zare wa sarautar gargajiya babbar sandar da take juya ƙauye da ita. Abin ya yiwu ne saboda a lokacin kuɗin man fetur da ake rabawa daga asusun tarayya su ne mafi yawan abin da jahohi ke kashewa.

A Kano, inda PRP ke da gagarumin rinjaye a majalisar jaha, gwamnati ta samu hanya a buɗe. Ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya a 1980, ta kafa jaridar Triumph, ta kai wutar lantarki garuruwan karkara. A 1980 ne kuma ta mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981.

Inda ta taɓo masarauta kuwa, abin ya zo da jini. Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna don rage girman masarautar Kano, sannan a watan Yuli na 1981 gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga wata tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa, a gidansa.

Gwamna babu majalisa

A Kaduna labarin ya sha bamban. Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita na NPN ne saboda magoya bayan sauran jam'iyyu sun tattara ƙuri'unsu a kansa. Amma mako guda kafin nan an riga an zaɓi majalisar jaha, inda NPN ta samu kujeru 64 cikin 99, PRP kuma 16 kacal. Gwamna na wata jam'iyya, majalisa ta wata.

Tsarin mulki ya ce sai majalisa ta amince kafin a naɗa kwamishina. Balarabe ya ƙi yin rabon muƙamai da NPN, majalisa kuma ta yi ta watsi da sunayen da ya aika. Ya shafe kusan shekara biyu yana mulki babu kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Magoya bayansa suna ganin ya faɗi ne saboda ya ƙi sayar da aƙidarsa. Masu sukarsa suna cewa taurin kai ne ya sa ya rasa damar yi wa talakawan da suka zaɓe shi aiki. Lissafin kujeru dai ya nuna tun ranar farko cewa wuƙa da nama suna hannun majalisa.

'Yan Nijar sun ga irin wannan a matakin ƙasa. Bayan zaɓen 'yan majalisa na Janairun 1995, shugaba Mahamane Ousmane ya rasa rinjaye, ya zauna da faraminista Hama Amadou na ɓangaren adawa, aiki ya tsaya cik, har sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 27 ga Janairu 1996.

Santsi da Taɓo

Babbar ɓarakar PRP daga cikin gida ta fito, kuma a kan tambayar jaha da ƙasa ce. Gwamnonin biyu sun shiga taron gwamnoni tara masu kiran kansu na ci gaba, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. A ganinsu, babu yadda za a kayar da NPN a ƙasa sai 'yan adawa sun haɗa kai. Aminu Kano da shugabannin jam'iyya suka hana su, suna tsoron kada PRP ta narke cikin tafiyar Awolowo. Gwamnonin suka ƙi bin umarni, aka kore su daga jam'iyya a 1980.

Daga nan PRP ta rabu biyu. Ɓangaren gwamnoni, wanda tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu ya jagoranta, aka kira shi Santsi. Ɓangaren Malam aka kira shi Taɓo, kuma shi FEDECO ta amince da shi. Haɗin gwiwar 'yan adawa na ƙasa da aka ƙulla a 1982 shi ma bai je ko'ina ba, domin Awolowo da Azikiwe sun kasa janye wa juna. A daidai lokacin farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin tarayya ta shiga tsuke bakin aljihu, jahohi da dama suka fara kasa biyan albashi.

Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe. Rimi ya koma NPP, ya ajiye kujerar gwamna, ya sake tsayawa, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Kaduna ta faɗa hannun Lawal Kaita. Shagari ya sake cin zaɓe cikin zarge-zargen maguɗi, sannan ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kawo Janar Muhammadu Buhari, aka rusa jam'iyyu baki ɗaya, aka tsare 'yan siyasa na kowane ɓangare.

Abin da ya rage

Sharaɗin kashi 25 yana nan a tsarin mulkin 1999, sai dai yanzu jahohi 36 ne, kashi biyu cikin uku kuma 24, babu sauran ɓurɓushin lissafi. 'Yan adawa ba su kayar da jam'iyya mai mulki a ƙasa ba sai a 2015, bayan jam'iyyu da dama sun narke sun zama APC a 2013. Haɗuwar ta kawo nasara, amma ta tara mutane masu ra'ayi mabambanta ƙwarai, har da waɗanda suka fito daga jam'iyyar da ake son kayarwa. Abin da Aminu Kano ya ji tsoro da abin da Rimi ya nema duk sun bayyana a cikinta.

Kano kuma ta ci gaba da halinta. A zaɓen 2023 Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda mabiyansa ke danganta jar hularsu da Malam Aminu, ya samu ƙuri'u kusan miliyan ɗaya da rabi a ƙasa, kusan miliyan ɗaya daga Kano kaɗai, kuma ita ce jaha guda da ya ci. NNPP, jam'iyyar da ya tsaya takara a cikinta, ta samu kujerar gwamna da rinjaye a majalisar jahar. Rikicin masarauta ma ya dawo: an ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a 2019, aka soke dokar a 2024.

Rimi ya rasu a 2010, Balarabe Musa a 2020. Gidan Aminu Kano na Mambayya da ke unguwar Gwammaja yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, filin jirgin saman Kano kuma sunansa yake ɗauke da shi. A ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa, idan dattawa suka tuna PRP, abin da suka fi ambata shi ne shekarar da dagaci ya daina zuwa karɓar haraji.